Mai Agashe na Hadayek el-Maadi

Duk wanda ya san layinmu a Hadayek el-Maadi ya san Baba Fadl mai agashe, tsiren nan da Hausawa suka koya wa Sudan. Yaƙi ne ya koro shi daga can zuwa Alƙahira ta hamada, ba shi da fasfo, kuma bai taɓa mallakarsa ba. In na tuna dalilin, raina ɓaci yake yi.

Kakansa ya taso daga Haɗeja a ƙafa, zai je Makka. Guzuri ya ƙare a Jazira ta ƙasar Sudan, ya tsaya noman auduga kafin ya ƙarasa. Nan ya haifi Tijjani, uban Fadl, nan aka binne kakan. Amma mutanen ƙauyen da ya sauka ba sa cewa sun zauna. Ko da ka yi jikoki, in aka tambaye ka, cewa za ka yi, "Muna kan hanya," don kada niyyar hajji ta warware.

Da Turawa za su tafi, aka zo tantance 'yan ƙasa. Ma'aikaci ya tambayi Tijjani ko shi mazaunin nan ne. Bawan Allah ya gyara rawani ya ce a'a, su alhazai ne, suna kan hanya. Shi ke nan aka sa su cikin baƙi. Mutumin da aka yanke wa cibiya a gindin audugarsu! Sun karɓi guminsa, amma ba wanda ya bi shi ya ce, malam, ka san abin da ka faɗa?

Bara, Alaa, wani Bamisire mai kantin magani da ya kamu da son agashen, ya ba Fadl kujerar Makka sadaka ga mahaifiyar shi Alaa ɗin. Tsoho ya yi kuka kamar yaro. Ni na raka shi ofisoshin jakadanci a Wustul Balad, tsakiyar birni, neman fasfo. Na Sudan suka ce Bafellace ne, wato ɗan asalin Afirka ta Yamma, ya nemi Najeriya. A na Najeriya kuma aka ce a kawo shaidar wani ɗan'uwa a Haɗeja. Wa ya sani a Haɗeja? Kowa sai "ma'alish", wai a yi haƙuri, har aka rufe karɓar suna.

A jirgin metro na ce, "Baba, wallahi mahaifinka ya cuce ku."

Ya kalle ni, ido jajir. "Kul, yaro! Bai yi ƙarya ba. Su da suka ce mu matafiya ne, to su buɗe mana hanya mu wuce mana."

Alaa ya ba wani kujerar. Ranar Arfa, Baba Fadl yana bakin layi yana fifita gawayi.