Amin Tun Ba a Buɗe Baki Ba

Duk shekara, da sanyi ya ja da baya aka fara gyaran gonakin auduga, Mama Verlene Tolliver takan ja ni gefe bayan sujada ta sanar da ni cewa ta ajiye aiki.

"Bana ce ta ƙarshe, Cleophus. Ka zama shaida."

"To, Mama. Ai bara ma ni na shaida."

"Rufe min baki, da ƙaton kai kamar kabewa. Miƙo min sandata."

Ni ne mai tsaron ƙofa a cocinmu na Dutsen Fisga, nan bakin kogin Yazoo, ni ne kuma direban motar coci a ranakun da ta ga damar tashi. Aikin da Mama take ajiyewa duk shekara shi ne jawabin Ista, bikin tashin Yesu daga matattu: ta ba kowane yaro 'yan layuka ya haddace, ranar bikin ya fito gaban jama'a cikin sabbin kaya ya faɗa. Tun ina cikin masu haddar take wannan aiki, ga shi yau furfura ta cinye mini gemu.

Ƙuruciyarta a masana'antar gyaran tarwada ta ƙare, tsaye kan jiƙaƙƙen siminti da wuƙa a hannu. Can ta baro gwiwoyinta, yatsunta kuma suka lanƙwashe har maɓallin riga yana gagarar ta. Mijinta Odell ya daɗe da rasuwa. Ɗansu guda yana Memphis, yakan kira idan ya tuna. Abin da ya rage mata shi ne benci na biyu daga gaba, jaka cike da minti, da 'ya'yan mutane.

Ba mace ce mai daɗin baki ba. Idan yaro yana karatu kamar mai tauna tsakuwa, haka za ta faɗa masa a gaban uwarsa. Amma tana da doka guda da babu irinta a duk cocin da na sani. A da, sai yaro ya gama ake tafa masa, gwargwadon bajintarsa. Mai baki ya sha ihu, wanda ya kakare kuma a yi masa tafin nan na ta'aziyya, wanda ko ɗan yaye ya san ma'anarsa. Da Mama ta karɓi aikin sai ta juya abin. Yaro yana tsayawa, tun bai buɗe baki ba, ikilisiya duka za ta ce "Amin!" ta tafa har rufi ya amsa. Idan ya gama kuwa, ya yi ko bai yi ba, babu ƙari, sai na gaba ya taso. Iyaye mata kan yi satar tafi ƙasa-ƙasa da mafici, Mama ta juyo ta harare su.

Marigayi Dikin Purvis, ɗaya daga dattawan coci, ya tayar da jijiyar wuya a lokacin. "Ina aka taɓa yabon mutum bai yi komai ba?"

"Dikin, kai me ka yi kafin Yesu ya mutu dominka?"

Dikin ya yi gyaran murya, ya ce zai yi addu'a a kai. Har ya koma ga Ubangiji bai kawo amsa ba.

To, bana sai abin da Mama take roƙo ya samu. An kawo mana sabon fasto, da matarsa 'Yar'uwa Roshonda, mace mai kuzarin da kallonta kaɗai yakan gajiyar da ni. Tana son yara tsakani da Allah, ta kuma ce za ta karɓi jawabin Ista. Sai dai nata tsarin daban ne: gasa, da alƙalai, da kofuna masu ƙyalli na ɗaya zuwa na uku, a kuma haska a waya don dangi na Chicago su gani. Mama ta dubi kofunan, ta dubi gwiwoyinta, ta ce to. Lahadin da ta biyo baya har gyangyaɗi ta yi cikin wa'azi, baki a buɗe, irin barcin wanda aka sauke wa kaya daga ka.

Sai ga maganar Tamiya. 'Yar siririyar yarinya ce da ba ta fi shekara tara ba, tana zaune wurin kakarta Earlean a ƙarshen titin da kwalta ta gaji ta tsaya. Uwarta tana Jackson tana fama da kanta. A bara an sa yarinyar ta maimaita aji. Makarantarsu tana yi wa yara gwajin karatu a kwamfuta, ta raba su launi-launi, kore na sama, rawaya na tsakiya, ja na ƙasa. Tamiya ba ta taɓa fita daga ja ba.

Da aka nuna wa yara kofunan, na gan ta a madubin mota muna komawa, ta manna goshi da gilashi. Lahadi ta gaba na danna ƙahon mota a ƙofar gidansu har kare ya gaji da haushi. Earlean ce ta fito da rigar barci ta ce in tafi, yarinya ta ce ita da coci har abada.

Na yi niyyar in ɓoye wa Mama, don baiwar Allah ta samu ta huta. Amma ita ƙirga kawuna take yi ko da ido a rufe.

"Ina 'yar wajen Earlean?"

Na faɗa mata. Ta dubi sandarta. "Na ajiye aiki," in ji ta.

"Na shaida."

"Ba ruwana da yaran kowa." Ta ɓare minti ta jefa a baki, ta tsotsa, ta tsotsa. "Akwai mai a gwangwanin motar nan taka?"

Da la'asar ɗin nan na kai ta. Hawa matakalar gidan Earlean kaɗai ya isa a yi masa sujadar godiya. Ta zube a kujerar baranda tana haki, Tamiya tana zaune a ƙasa tana tsinke zaren siket.

"Me ya hana ki zuwa?"

"Ba na iya karatu, Mama. Ni a ja nake."

"In ji wa?"

"Kwamfuta."

"Kwamfutar ce ta halicce ki?"

Yarinya ta girgiza kai.

"To ita ta san karatu, kuma ba ƙarya ta yi ba, karatunki da saura, sai kin dage. Amma ba ta san wa ya ƙera wannan goshin ba. Wanda ya ƙera ki ya zauna ya yi ki da hannunsa, ya duba ya ce kin yi, tun ba ki san harafi ko ɗaya ba. Bai jira sakamako ba."

"Amma shi ma ai yana da na sama da na ƙasa."

"Da yana da su, da Cleophus bai ga ƙofar coci ba, balle a ba shi tsaronta."

"Mama, ina jin ki fa," na ce daga matakala.

"Don ka ji na faɗa."

Tamiya ta ɗan murmusa, sai kuma ta haɗe rai. "Kowa zai gani a waya. Zan manta, su yi min dariya."

"Za ki iya mantawa. Ban ce ki faɗi komai ba. Ki fito ki tsaya kawai, ki karɓi abin da yake naki."

 A mota Mama ta rufe ido ta ce in bi da ita gidan fasto.

'Yar'uwa Roshonda ta tarbe mu da shayi mai ƙanƙara, ta saurari Mama har ƙarshe tana roƙon a janye gasa da kofuna daga jawabin Ista. Ba ta yi fushi ba.

"Mama, ni kofin gasa ne ya fitar da ni daga bayan gari ya kai ni jami'a. Yaran nan duniya za su shiga, kuma duniya ba za ta ce musu Amin tun ba su buɗe baki ba."

"Na sani, 'yata. Na yi aiki a cikinta. Shi ya sa nake so su tafi da nasu daga gida."

Roshonda ta juya kofin shayinta a hannu. Ta ce har yanzu tana ganin gasa tana da amfani, za ta shirya tata a hutun makaranta ga duk yaron da yake so. Amma Ista ba za a yi rabi nan rabi can ba. Idan tsarin Mama za a bi, to Mama ce za ta ja, don ita ba ta iya shi ba.

Na ga fuskar Mama a lokacin. Hutun da ta ɗanɗana ne yake sulalewa tana kallo. Ta yi ajiyar zuciya mai tsawo.

"Zuba min ƙarin shayin nan," in ji ta.

Sauran makonnin sun ci ta. Yara ba sa haddacewa sai an ƙwace musu waya, iyaye ba sa kawo su kan lokaci, wani uba ya zo yana tambayar dalilin da ya sa aka ba ɗansa layi biyu aka ba ɗan maƙwabcinsa huɗu. Kullum idan na sauke ta sai ta ɗan zauna a mota tana tara ƙarfin fita. Tamiya takan zo gwaji ta zauna a baya, ba ta taɓa tasowa ba.

Ranar Ista coci ya cika da huluna, da turare, da baƙin da ba mu gani sai sau biyu a shekara. Yara suka yi ta fitowa. Da aka kira Tamiya Gholston, sai da na ɗauka ba za ta tashi ba. Earlean ta ɗan taɓa mata kafaɗa. Ta taso cikin rawayar riga da ta yi mata yawa, ta tsaya a gaba tana kallon takalmanta.

Mama takan ba da Amin ɗinta a zaune, shekaru ke nan. Ran nan ta dafa benci, ta dafa sanda, ta miƙe a hankali, gwiwoyinta suna ƙara har ƙofa ina ji.

"Amin!"

Coci ya ɗauka. Roshonda, da waya a hannu tana haskawa, ta fi kowa ɗaga murya. Yarinya ta ɗago kai tana dube-dube, kamar tana neman wanda ake yi wa. Babu kowa a gaban sai ita.

Tafin ya lafa. Ta faɗi layin farko, ta faɗi rabin na biyu, sauran ya gudu. Ta tsaya, ta dubi Mama. Mama ba ta tuna mata ba.

"Sunana Tamiya," in ji yarinya. "Na manta sauran. Amma dai Yesu ya tashi."

Ta koma wurinta da tafiya, ba da gudu ba. Na ji mafitai suna satar tafi, Mama kuma ta yi kamar ta kurumce.

Bayan sujada aka baje soyayyar tarwada da burodin masara a ƙarƙashin bishiyoyi. Mama ta cire takalma, ta ɗora kumburarrun ƙafafunta kan akwatin ƙanƙara, ko abinci ta kasa ci. Tamiya ta zo da maiƙo a baki ta tsaya a gabanta. Har yau a ja take a makaranta, Earlean ta faɗa min, kuma ba a san ranar fita ba.

"Mama, baɗi ki ba ni jawabi mai tsawo."

Mama ta buɗe ido ɗaya ta dube ta, ta dube ni. Ta laluba jaka da lanƙwasassun yatsunta ta miƙa mata minti.

"Ki fara iya gajeren tukuna, sarauniyar mantuwa. Je ki goge bakinki."

Yarinya ta ruga. Mama ta mayar da ido ta rufe.

"Cleophus."

"Na'am, Mama."

"Baɗi ce ta ƙarshe. Kuma in ka ce uffan, sandar nan a kanka za ta ƙare."