Saveta Mai Waƙar Makoki

A ƙauyenmu ba a kai gawa makabarta shiru. Sai an kira mace ta tsaya a kan akwatin gawar, ta rera wa mamacin rayuwarsa cikin kuka. Mata uku ke wannan aiki a zamanina. Biyu daga cikinsu, ko ɓarawon tumaki ne ya mutu, waliyyi za su mayar da shi. Ta ukun ita ce Saveta, wata gajeriyar bazawara mai kiwon awaki, gidanta na kallon tashar mota. Ita ba ta rera abin da idonta bai gani ba. Ta taɓa tsayawa kan gawar wani attajiri, ta yi ta yabon dawakinsa har aka rufe shi. Ana shakkarta, amma ita ake kira, domin in ta ce mutum ya yi alheri, to ya yi.

Da mijina Toader ya mutu, ɗanmu Gavril ya zo daga Italiya, inda yake aikin gini. Ya daɗe ba ya magana da ubansa, tun da ya ƙi zama ya riƙe gona. Ya ce don ni kawai ya zo, ana binnewa zai juya. Na san in ya tafi da wannan zuciyar, ba zai sake taka ƙauyen ba.

Na sami Saveta tana tatsar akuya, na roƙe ta ta ɗan ɗiga zuma a waƙar, ta ce Toader uba ne mai taushin zuciya.

Ta ce, "Domnica, ke da kika ci tuwo ɗaya da shi, kin ga taushin? Riƙe min ƙahon nan, tunda ba ki da aikin yi."

Ranar jana'iza ta fara da cewa Toader bakinsa gatari ne, yana shan barasa fiye da kima, kuma bai taɓa iya ba da haƙuri ba. Jama'a suka sunkuyar da kai. Na ji kamar in shaƙe ta. Sannan ta sassauta murya. Ta ce duk Asabar, in motar birni ta kusa isowa, yakan zo ya jingina da shingenta wai yana kallon awaki. Sai ya bi masu sauka da ido har na ƙarshe, ya zagi direba, ya koma gida. Ko dusar ƙanƙara ba ta hana shi.

Gavril ya matso kusa da ni. "Mama, haka ne?"

Na ce ban sani ba, ni dai taba yake ce min zai sayo. "Amma ka ji yadda ta fara da shi. Bakin da ya faɗi wancan ba zai ƙirƙiro wannan ba."

Da aka binne, Gavril bai juya ba. Ya zauna har sadakar arba'in, shi ya ɗauki kwanon dafaffiyar alkamar da muke sadakar mamaci da ita zuwa coci. Yanzu yana kawo min jikokina duk hutun rani.

Saveta ta rasu bara. Gavril na cikin waɗanda suka ɗauki akwatinta.