Ƙasar da Ɗanjuma Ya Ɗiba a Gonata

Assalamu alaikum. Masu tambaya ko Malam Habu ya rasu ne ba a sanar ba, ga ni nan da raina. Tun kaka rabona da shafin nan. Yatsan ƙafa guda ne dai ya riga ni tafiya.

Abin ya fara da ƙishirwa da yawan fitsari, na ce tsufa ne. Sai ranar da nake zagaya gonata a Kutama na taka tushiyar dawa. Ɗan ciwo ne da bai fi ƙwayar wake ba, amma ya ƙi warkewa, ya kumbura, ya fara wari.

'Yata Rabi ta zo daga Kabo, ko mayafi ba ta cire ba ta sa aka kai ni asibiti a Gwarzo. Aka ɗebi jini. Likita ya ce ciwon suga ne, kuma ya daɗe a jikina. Daga nan aka tura mu Kano, aka yanke yatsan. Tumakin Hajiya matata duk sun tafi a kuɗin allura da wankin ciwo.

Na ji tsoro ƙwarai. Amma ban yarda da likita ba, domin ni ina da wanda nake zargi.

Maƙwabcina ne, Malam Ɗanjuma. Tare muka tashi zamanin gyaɗa, tare muke kora jakuna da buhuna zuwa wurin sikeli. Wata shekara ciwo ya faɗa wa gyaɗa, ganye ya kanannaɗe, duk yankinmu aka tashi a tutar babu. Gonar gidansu kaɗai ta yi kore shar. Tun ran nan mahaifiyata ta hana mu cin abincin gidansu, ta ce suna da abin da suka taka. Na yi karatu, na koyar da 'ya'yan mutane har na yi ritaya, amma maganar nan ba ta bar kaina ba. Muna gaisawa, muna sahu ɗaya a masallaci, sai dai goronsa a aljihuna yake bushewa.

Da aka dawo da ni asibitin Gwarzo, sai ga shi ya zo dubiya. Ya zauna ya yi ta kallona, ni kuma ina lura da inda idonsa yake sauka. Aka kira azahar, na juya fuskata bango.

Abin da ban gaya wa kowa ba ke nan: na daina salla. Ƙafa a naɗe, an ce kada ruwa ya taɓa ta. Hannu da allurar ƙarin ruwa, ga robar fitsari a jikina. Gani nake na yi ƙazanta da yawa da zan tsaya gaban Ubangiji. Na san hukuncin taimama sarai, na sha koyar da shi a aji, amma kunya ta hana ni cewa a kawo min ƙasa. Abin da ya fi yanka tsorata ni shi ne in mutu a haka.

Washegari Hajiya ta zo a firgice. Ta ce an ga Ɗanjuma da sassafe a gonata, a tsugune, yana ɗibar ƙasa a ƙwarya. Gonar da na taka tushiya.

Na ce shi ke nan, sawuna ya ɗauka. Kowa a wajenmu ya san abin da ake yi da ƙasar sawun mutum. Na ce wa Rabi in ya zo kada ta bar shi ya shigo. Ta ce ita ba za ta iya korar sa'an ubanta ba.

Da azahar ya shigo da ƙwaryar a rufe da faifai. Na fara karanta duk addu'ar tsari da na sani, ni da ko asuba ban yi ba.

Ya ajiye ta a gefen gado ya buɗe. Rairayi ne fari tas, an tankaɗe shi.

"Habu, jiya an kira salla ka juya baya," in ji shi. "Haka babana ya yi a jinyarsa. Buga hannunka."

Na tambaye shi me ya sa sai gonata, duk ƙasar da ke Gwarzo.

"Hannunka ya fi saninta."

Na daɗe ina kallon ƙwaryar nan, har na ɗan tona da yatsa ko akwai laya a ciki. Duk yana gani. Na buga tafuna, na shafi fuska da hannuwa, na yi azahar a kwance. Kuka na yi sosai, ban ɓoye ba.

Yanzu ciwo ya rufe, ina takawa da sanda. Na gode wa Allah, na gode wa Rabi da Hajiya da ma'aikatan da suka jure warin ƙafata, da ku masu addu'a.

Shawarata: in ƙishirwa da fitsari sun yi yawa, a je a auna suga. Mai suga kada ya shiga gona ba takalmi. In kuma kuna jinyar tsoho, ban da magani da kunu, ku lura ko yana salla. Kada ku jira ya roƙa, ba zai roƙa ba.

Maganar gyaɗa kuwa, na tambaye shi. Ya ce da ruwan farko suka yi shuka, suka kuma cika ta ba tazara, shi ke nan. Har yanzu ina ɗan juya maganar.

Wannan makon shi ne a kwance, hawan jini ya taɓa masa ɓarin jiki, ku sa shi a addu'a. Jiya da safe na dogara sandata zuwa gonarsu da ƙwaryar nan. Ina tsugune ina ɗiba, na ɗaga kai na ga matarsa ta leƙo ta kan danga, tana yi min wani kallo. Na gane kallon. Na ci gaba da ɗiba.