Shekarar da Aka Tsare Autanmu a Gida

Autanmu, ƙanena da ya zo bayan kowa ya fitar da rai da sake haihuwa a gidanmu, yaro ne da ƙafarsa ba ta san zama ba. Inna takan ce tun yana ciki yake shure-shure. Idan aka tashe su daga makaranta, jakarsa ce take riga shi shigowa, don daga zaure yake wurgo ta ya juya. Sai filin ƙwallo, daga can kuma sai majalisarsu, wato wani dakali a gindin bishiyar bedi kusa da Ƙofar Sauri, inda samarin layinmu suke taruwa bayan la'asar su dafa shayi, su yi ta musu a kan 'yan ƙwallon da ba su ma san da zamansu a duniya ba. Da magariba zai dawo ƙafa futu-futu, murya a dishe, ya cinye tuwonsa ya leƙa kwanon wani.

Shekarar da ya gama sakandare bai samu gurbi a jami'a ba, aka ce ya jira baɗi. Ana cikin wannan jira aka kama ɗan maƙwabcinmu da kwalaben maganin tari a ƙarƙashin katifa, irin wanda samari suke sha su bugu. Yaron kuwa ɗan majalisar ne. Baba, tsohon ma'aikacin gwamnati da ba ya yin magana biyu, ya dawo daga masallaci ya yanke hukunci a tsaye: ba ƙwallo, ba majalisa, ba fita sai salla, sallar ma ƙafarsa ƙafar Auta. Ya karɓe babbar wayarsa ya kulle a akwati. Ya ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ba mugunta ba ce. Tsoro ne ya kama dattijon, kuma duk uban da ya ga yadda aka fito da ɗan maƙwabcin nan yana layi zai fahimce shi.

Da fari Auta ya yi ta zagaye tsakar gida kamar akuyar da aka ɗaure ranar kasuwa. Ya roƙa, ya yi rantsuwa, ya sa Inna ta roƙa masa. Abokansa su zo su yi sallama, Baba ya leƙa ya ce musu, "Shina hutawa." Tun suna zuwa kullum, har suka koma jefi-jefi, har suka daina. Shi ma Auta ya daina roƙo. Ya yi shiru, sai mutane suka shiga yabo. Matan da suke shigowa wurin Inna su ce masha Allah, yaro ya natsu, su koma gida su yi wa nasu 'ya'yan gori da shi. Har yau in na tuna wannan yabon raina ɓaci yake yi.

Ni a lokacin ina gidan mijina a unguwar Kambarawa, ranar Juma'a nake zuwa gida. Sai in tarar da shi kwance da hantsi, fuskarsa tana kallon bango, kokon safe ya huce a gefensa ƙuda na bi. Wandonsa ya yi masa yawa. In ce, "Auta, mi ke damunka?" Ya ce, "Ba komi, Yaya, kaina ne ke ciwo." A garinmu kuwa duk wanda ya kwanta ya daina cin abinci, sunan ciwonsa ɗaya ne, maleriya da taifot. Aka kai shi kemis aka yi masa allurai. Da bai tashi ba aka kira mai yi wa mutane ƙarin ruwa a gida. Inna ta jiƙa masa saiwoyi, aka karɓo rubutu. Jikinsa ya sha huda, idonsa dai yana nan kamar an kashe fitila.

Ina da maƙwabciya a Kambarawa, malamar jami'a ce a fannin halayyar ɗan Adam. Bincikenta a kan yadda samari da 'yan mata suke cinye lokacinsu ne in ba makaranta, da abin da gundura take yi wa lafiyarsu. Ni kuwa ba na barin ta ta huta. Nakan ce mata, "Malama, ke dai kin dace, ana ba ki albashi don ki tambayi masu zaman kashe wando yadda suke kashe shi." Ta yi ta dariya. Wata rana muna tsinkar zogale a ƙofar ɗakina na ba ta labarin Auta. Ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ni da wa yake magana daga safe zuwa dare, sannan in ya farka, mene ne yake ɗokin ya yi. Na ce mata babu ko ɗaya.

Ta ce in kai ta wurin Baba. Ya karɓe ta da mutunci, aka gaisa, aka tambayi gida da yara da aiki da gajiya, aka sake gaisawa. Ta nemi izini ta zauna da Auta su biyu a inuwa. Da ta fito ta durƙusa gefen tabarmar Baba.

Ta ce, "Alhaji, abin da kuka ji ma tsoro gaskiya ne. Amma yaron nan ba taifot ke damunshi ba. An raba shi da duk abin da yake tashi dominshi, ba a ba shi wani ba. A bar shi shi shiga mutane, kuma a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa."

Inna ta dafe ƙirji ta ce ɗanta ba mahaukaci ba ne. Baba ya gyara zama ya ce, "Malama, mi ya rasa? Ci ko sha? Mu da muka tashi ba mu san wata gundura ba."

Ta ce, "Ku kun yi langa a dandali, Alhaji, kun je kamun fara, kun yi iyo a kududdufi. Ba wanda ya aje ku a ɗaki."

Baba ya yi mata godiya, ya sa mata albarka, ya sa na raka ta har bakin titi. Da na dawo ya ce boko ya yi mata yawa. A hanya kuwa abin da ta ce mini shi ne, ita ba ranar da yaro yake kuka yana neman fita take jin tsoro ba, ranar da ya daina nema take tsoro.

Aka ci gaba a haka har damina ta wuce. Sannan abin da ake jira ya zo. Wani ɗan kawunmu ya bugo waya ya ce ya duba, Auta ya samu gurbi a jami'a. Baba ya shigo yana kabbara, rigarsa na jan ƙasa, ya tsaya a kansa ya faɗa masa. Auta ya ce, "To." Ya juya ya fuskanci bango. Inna ta ce mini Baba ya daɗe a tsaye a wurin, kuma ranar bai ci abinci ba.

Washegari da kansa ya kai shi asibiti. Likita ya ce ciwon damuwa ne, kuma ya yi nisa. Ya rubuta magani, ya ce maganar tafiya makaranta a ajiye ta tukuna, ya kuma maimaita abin da Malama ta faɗa, a bar shi ya shiga mutane.

Ina gidanmu da la'asar ɗin ranar. Baba ya tsaya a bakin ɗakin Auta ya sassauta murya yadda ban taɓa ji ba, ya ce, "Tashi ka hita. Je ka wurin abokanka, ka yi ƙwallonka. Ban hana ka ba." Auta ya daɗe kafin ya miƙe. Ya nemi takalmansa, ya bi ta zaure ya fita a hankali. Inna ta share hawaye ta ce in ƙara gari a tuwon, wai yau zai dawo da yunwa. Ni ma na yarda, har ina tsokanarta.

Ruwan tuwon bai ma tafasa ba sai ga shi ya dawo. Daga baya muka ji yadda aka yi. 'Yan majalisar sun watse, wasu suna makaranta a Zariya, wasu sun bi 'yan'uwansu kasuwa a Kano, wasu suna kan babur suna acaɓa. Ƙannensu ne a kan dakalin. Da suka gan shi suka gaishe shi irin gaisuwar da ake yi wa babba, suka yi shiru suna jira ya wuce.

Ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Baba, na hita. Ina zan je?"

Baba ya dubi Inna, ya dube ni. Sai ya sunkuya yana laluben takalmansa, ya ce, "Bari mu tahi tare."

Auta ya ce, "Ka bar shi, Baba. Na gaji."

Ya shige ɗaki ya kwanta. Baba yana nan tsaye da takalmi ɗaya a hannu har aka kira magariba.