Hoton Iya da Ɗan Farinta

Aiki na farko da aka tura ni in yi ni kaɗai, na ɓata shi. Ina da shekara goma sha biyar, kyamara a wuyana, kuma ba tawa ba ce.

Ban yi makaranta ba. Uwata ta rasu ban iya tafiya ba, ubana ya bi ta ina ɗan shekara goma. Na taso a Rigachikun a hannun kawuna, noma da damina, dako a bakin titi da rani. Da tuwo ya fara gagarar gidan, sai ya kawo ni Unguwar Dosa ya damƙa ni ga wani mai hoto. Mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, gajere, da furfura a gemu. Kowa Baba yake ce masa, ni ma haka.

Shagon ɗaki biyu ne. Na gaba yana da labule mai zanen bene da jirgin sama. Na baya shi ne ɗakin duhu, inda warin maganin wanke hoto ke kama hanci, ya kama riga, ya bi ka har wurin kwana. Baba ba mai yawan magana ba ne. In na yi kuskure, sai ya miƙo min hoton, ya ɗora yatsa a wurin, ya wuce. Haka na koyi kada in yanke wa mutum hula ko ƙafa. Haka na koyi cewa farar babbar riga a tsakar rana tana cinye fuskar mai ita, sai an kai shi inuwa. Fim ɗaya hoto talatin da shida ne, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanke. Saboda haka ba a dannawa da ka.

Wata Alhamis a tsakiyar damina, wani Alhaji ma'aikacin gwamnati da ke zaune a Malali ya zo shago. Mahaifiyarsa ta zo daga ƙauye ganin likitan ido. Ranar Asabar za ta koma, kuma ta rantse ba ita ba sake hawa mota zuwa Kaduna. Ta haura tamanin. Alhaji ya ce duk hotunan da ke gidansa babu ko ɗaya da yake tare da ita. Baba yana kwance da zazzaɓi. Ya dube ni, ya cire kyamarar daga ƙusa, ya ce in bi Alhaji.

Na isa gidan ina jin kaina. Na zaɓi gindin mangwaro, na duba inda haske ke faɗowa, na jera kujeru biyu kafaɗa da kafaɗa. Alhaji ya zauna. Tsohuwar ta fito tana dogara sanda, ta ga kujerun, sai ta wuce can gefe ta zauna a tabarma. Na ɗauka ƙauyanci ne.

Na ce, "Iya, taso ki zauna kusa da ɗanki."

Ta yi kamar ba da ita nake ba.

Na ɗaga murya, a zatona kunnen ne ya yi nauyi. "Ki dafa kafaɗarsa, ki kalle shi ki yi murmushi. Haka ake yi yanzu."

Matar Alhaji ta sunkuyar da kai. Iya ta ja mayafi ta rufe fuska, ta miƙe ta nufi ɗaki. Na ruɗe na danna sau biyu. Alhaji bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, "Yaro, koma shago." Da ya mare ni da ya fi min sauƙi.

Washegari Baba ya tashi jiki na rawa ya wanke fim ɗin. Hoto ɗaya bayan tsohuwa ne. Ɗayan Alhaji ne da kujera babu kowa a kai.

Ya ce, "Shi ne ɗan farinta?"

Na ce ban sani ba.

"Ka tambaya?"

Na ce a'a.

"Ka duba rana, ka duba inuwa, ba ka duba mutane ba."

A ranar na san cewa matan zamanin da suna jin kunyar ɗan fari. Ba sa kiran sunansa, ba sa haɗa ido da shi, ba sa zama kusa da shi a gaban mutane. Ni Bahaushe ne, amma ban tashi da uwa ba balle in gani. Shi da ba Bahaushe ba, shekara talatin yana shiga gidajen mutane ido buɗe, baki rufe.

Ya jira aka sauko daga masallacin Juma'a, aka yi la'asar, sannan muka tafi. An yi ruwa an ɗauke, ƙasa na ƙamshi. Kyamara tana cikin jaka. Ya cire takalmi a bakin tabarma, ya durƙusa ya gaishe da Iya. Ya tambayi ido, ya tambayi gero, ya tambayi ko ruwa ya zauna a wajensu. Ya ajiye mata goro biyu fari. Bai ambaci hoto ba. Ni ina tsaye kamar turmi, ina lissafin ranar da ke faɗuwa.

Can ya ce, "Iya, ina mijin naki?"

Jikanta yake nufi, babban ɗan Alhaji, wani dogon saurayi. Kaka da jika wasa ne tsakaninsu, babu kunya. Aka kira shi, ya zo ya zube a gefenta.

Ya ce, "Tsohuwa, gobe in kin tafi kin tafi. Na sami budurwa mai haƙora."

Ta ce, "Allah ya ba ta haƙuri. Wa zai kwashi wannan wuya kamar na zalɓe?"

"Kishi ne ke damun ki."

"Ka fara koyon wanke kunnenka tukuna."

Ta yi dariya har mayafin ya zame. Baba ya yi wa Alhaji alama da ido. Alhaji ya zagayo ta baya a hankali, ya tsaya daidai kanta, bai taɓa ta ba. Sai na ji nauyin kyamara a hannuna. Baba ne ya miƙo min.

Ina gyara tsayuwa, Iya ta daidaita zama, ta ɗaga haɓa. Ba ta waiwaya ba. Ta ce wa jikan, "Faɗa wa wancan na baya ya gyara hularsa. Tun yana yaro a karkace yake sa ta."

Alhaji, mutum mai furfura, ya kai hannu biyu ya gyara hula. Idonsa ya cika. Na jira ya sauke hannun, na danna sau ɗaya.

Hoton ya fito. Iya ba ta ga daminar gaba ba. Bayan sadakar arba'in Alhaji ya zo shago ya ce a ƙara masa girman hoton. Ya daɗe a tsaye yana kallo. Da zai fita ya tambayi wanda ya ɗauka. Baba ya nuna ni da haɓa, ya ci gaba da goge gilashi. Iyakar yabon da na taɓa samu daga wurinsa ke nan, kuma ya ishe ni.

Na yi shekara tara a hannunsa. Da ido ya gaza, ya koma garinsu, can ya rasu. Na je jana'izar, na tsaya har aka rufe shi.

Yau kowa da waya, a danna sau ɗari a zaɓi ɗaya. Ba na faɗa da zamani. Amma har yanzu in an kira ni gida, sai na zauna na san waye wa kafin in buɗe jaka. Ina Malali, shago ɗaya a bakin titi, gwiwa ta fara ciwo. Yawancin aikina hoton fasfo ne. Ina ci da shi, ina ciyar da mutum shida.