Jar Kuɓewar Malama Barakatu

Duk wanda ya san Malama Barakatu a Ƙafin Maiyaki, da gwangwani ya san ta. Shekara goma sha ɗaya tana koyar da ajin ƙanana a makarantar Malam Mujitaba da ke bayan tashar babura, kuma kowace shekara, da zarar bazara ta kankama, sai a gan ta tana bin masu shayi da masu abincin sayarwa tana roƙon gwangwanin madara da na tumatir. Masu shayi har sun saba. Kafin ta gama sallama an miƙo mata leda.

'Yan ajinta 'yan shekara huɗu ne, wasu ma ba su kai ba, iyayensu ne suke ƙara musu watanni a baki don gida ya huta da hayaniya. In rana ta take, kwanon ajin ya fara ƙas-ƙas kamar ana suyar gyaɗa, sai ta kwashe su zuwa gindin darbejiya. A nan suke ƙirga da ƙwallon mangwaro, su gina shanun laka, su zana hadari a allo. Wanda ya fara hango gajimare daga gabas shi ne sarkin aji na ranar, shi zai riƙe mata alli.

Babban darasin zangon kuwa shi ne shuka. Kowane yaro da gwangwaninsa, an huda gindin da ƙusa, an cika da ƙasa mai taki. Tunda ba su iya karanta sunansu ba, sai ta ɗaura wa kowa zare mai kalarsa. Irin kuwa ita take kawowa daga gida, a ƙulle a bakin hankici. Su tura da ɗan yatsa, su rufe, su jera a taga, kullum da safe su ba shi ruwa da murfin buta. In ya yi ganye huɗu, damina ta zauna, sai a dasa a wani ɗan fili tsakanin bayan aji da katanga. Iyaye suna yabawa. Malam Mujitaba ma yakan ambaci abin a taron iyaye, da irin muryar wanda shi ya ƙirƙiro.

Babu wanda ya taɓa tambayar dalilin da ya sa kullum kuɓewa ce, alhali masara da wake sun fi saurin tsirowa, yara kuma ba su da haƙuri. Ba kuma kowace kuɓewa ba: wata ja ce, doguwa, siririya kamar yatsan amarya da lalle, wadda ba a ganin irinta a kasuwar garin.

Barakatu 'yar Burumburum ce. Mahaifiyarta, Kande, ita take noma wannan kuɓewa a bayan ɗakinta, ta ci ɗanya, ta yanka ta shanya, ta sayar da saura. Da aka kai Barakatu makarantar kwana, ranar ziyara ta farko Kande ta zo mata da ƙullin busasshiyar kuɓewa, a lokacin da ake sauke wa sauran 'yan mata biskit da madara. Daga ranar aka laƙa mata suna Yauƙi, sunan ya bi ta har ta gama. Da ta koma hutu ta ce wa uwar kada ta sake zuwa. Kande ta ce to. Ba ta yi gardama ba, ba ta kuma sake zuwa ba, shekara shida.

Da Kande ta rasu, maza suka raba gona, mata suka raba kwanuka. Barakatu ta shiga madafa ta tarar da busassun kuɓewa uku rataye a rufi, hayaƙi ya baƙanta su, irin da tsohuwar ta ajiye wa damina mai zuwa. Ta cire su ta cusa cikin hijabi tana waige kamar ɓarauniya, alhali da ta tambaya babu mai hana ta.

Gidan da suke haya da mijinta Tasi'u ɗan acaɓa siminti ne tun daga zaure har bakin rijiya. Ga iri a hannu, babu ƙasa, iri kuma ba ya son dogon zama. A shekarar ne ta fito da darasin shuka. Da dogon hutu takan je makarantar ita kaɗai, wai duba kayan aji. Ba ta tsinke ko ɗaya don miya, ita miyar kuɓewa ma ba ta dame ta ba. Sai ta bar su su bushe a jikin uwarsu, ta kwashe, ta rataye a ƙusa. Tasi'u ya taɓa ce mata, "Kuɓewa ce fa, ga ta can tuli a kasuwa." Ta ce don yara take yi. Haka take faɗa wa kowa. In da za a tsare ta da rantsuwa, ba za ta ce ƙaunar uwa ba ce, don ba ta tuna ta taɓa kewar Kande yadda ake faɗa. Abin ya fi kama da ramuwar azumin da mutum bai san adadinsa ba: kowace shekara ya yi, ba ya kuma jin ya gama.

Bara aka sami matsala. Malam Mujitaba ya sa aka jibge bulo a filin da hutu, zai ƙara aji. Kuɓewa ɗaya tak ta tsira, ita ma tsutsa ta ci rabi. Barakatu ta fasa ta sami ƙwaya talatin da ɗaya. Bana yara ashirin da bakwai ne, kowa ya sami ɗaya, huɗun da suka rage ta zuba a nata gwangwanin, ba su fito ba. Na yara sha tara suka tsiro. Duk abin da ya rage na irin Kande a duniya ke nan, jere a tagar aji.

Ranar da za a ba da hutun Babbar Sallah ba ta je makaranta ba. Tasi'u ne ya faɗi da babur a hanyar Kwanar Ɗangora, ta raka shi wurin mai ɗori. Ajin ya rage a hannun Husna, sabuwar mataimakiya da ba ta daɗe da gama kwalejin horon malamai ba, yarinya mai himma da babbar waya. Husna ta taɓa ganin wani bidiyo na yaran wata ƙasa suna tafiya gida da furanni a tukwane, abin ya ba ta sha'awa. Ta miƙa wa kowane yaro gwangwaninsa, ta jera su a bakin ƙofa ta ɗauke su hoto, ta tura wa iyaye.

Da la'asar Barakatu ta ga hoton. Ta daɗe tana kallo, sannan ta kira.

"Husna, ina shukar yara?"

"Anti, kin ga hoton ko? Wallahi sun yi kyau! Na ce hutu kwana tara ne, wa zai ba su ruwa?"

"Ni."

"Ai na ɗauke miki wahala ne, ga jinyar Yaya Tasi'u."

"Husna, jibi Sallah. Faɗa mini gida ɗaya a garin nan da babu rago a ɗaure."

Sai Husna ta yi 'yar dariya, ta ce, "Kai Anti, to sai a sake shuka wata mana. Ko wake ne."

Barakatu ta ce haka ne, ta kashe wayar. Ba ta yi faɗa ba, domin faɗa yana bukatar dalili, dalilin kuma ba na faɗa ba ne.

Washegari jajibiri, Tasi'u ko banɗaki sai an riƙe shi, ba ta sami fita ba. Sai kashegarin Sallah ta saka sabon mayafi ta fara bin gidajen ɗalibanta, wai barka da Sallah. Malamar da shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa taka gidan kowa ba. Ko'ina aka yi mata shimfiɗa, aka kira yaro ya zo ya gaishe ta ya karanta mata ɗaya zuwa goma. Sai ta tashi tafiya take cewa, kamar abin da ya faɗo mata yanzu, "Af, ina ɗan gwangwaninmu?"

A gidan su Imran, uwarsa Zubaida ta tafa hannu. "Wayyo Malama! Ragon babansu ne, tun a zaure ya warce a hannun yaron, har zaren ya haɗa. To shi ya ci shukar, mu kuma mun ci shi, kin ga ai ba ta tafi a banza ba." Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ƙulla mata soyayyen nama a leda.

A wani gidan, kaji ne suka tone. Wani gidan an zubar da ƙasar an ɗebi gawayi da gwangwanin. Wata yarinya ta yi ta ba nata ruwa har ya ruɓe. A gida biyu an bar su a rana kan katanga, ta tarar da ɗan baƙin zare a maimakon tsiro. Kwana uku tana yawo. Ta zaga gida sha takwas babu tsiro ko ɗaya, ta dawo da nama cike da bokiti, Tasi'u na kwance yana ci yana sa wa aikin koyarwa albarka.

Saura Ramla, 'yar Fulanin da babanta yake kawowa a babur kullum tare da jarkokin nono. Rugarsu tana can ta hanyar Bagauda. Barakatu ta hau acaɓa.

Kakar yarinyar, Goggo Maijidda, ita ta tare ta. "Jaɓɓama, jaɓɓama da Malama," ta yi mata maraba da Fulatanci, ta shimfiɗa tabarma, ta kawo nono a ƙwarya. Aka gaisa, aka tambayi shanu, aka tambayi mai jiki. Barakatu ta yi tambayarta ta kullum.

Sai tsohuwar ta miƙe ta ja ta zuwa tsohon makwancin shanu, inda ƙasa ta yi baƙi da taki. A tsakiya an kewaye wani ɗan wuri da ƙaya. Tsiron yana ciki, ya yi ganye biyar, karansa ja.

"Ni na dasa," in ji Goggo Maijidda. "Wa yake barin abu mai rai a gwangwani?"

"Madalla. To bari in tafi da shi, za mu haɗa da na sauran yara."

"Na sauran suna ina?"

Barakatu ta gyara mayafi.

"Malama, na girmi uwarki. Ba a hawo babur daga Ƙafi a zo daji don darasin yara. Tun da kika zo idonki bai sauka kan Ramla ba, ga ta nan tana ta leƙen ki. Kuma kuɓewa in an tumɓuke ta sau biyu ba ta yafewa, ke ma kin sani. Mene ne a cikinta?"

A nan, tsaye a kan kashin shanu, Barakatu ta faɗa. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ƙawata ba. Ta faɗi Burumburum, da ranar ziyara, da abin da ta ce wa Kande, da ukun da ta cusa a hijabi. Ta yi mamakin gajartar labarin. Abin da ta riƙe shekara da shekaru bai kai tsawon shan ƙwaryar nono ba.

Tsohuwar ta saurara tana sakace. "Allah Ya ji ƙanta," ta ce. "Amma ni ba tawa ba ce. Ga mai ita. Ramla! Zo, malamarki tana roƙo."

Yarinyar ta fito daga bayan bukka, kitson Sallah ya ɗaure mata fuska tamau. Barakatu ta durƙusa har gwiwarta ta taɓa ƙasa. Ta yi bayani da muryar aji: in shukar ta haihu, a bar mata 'ya'yan su bushe, kada a tsinka.

"Miya zan yi," in ji Ramla.

"In kin bar mini, zan kawo miki wata kuɓewar mai yawa daga kasuwa."

"Ba ja ba ce."

"To ki bar mini biyu."

Ramla ta dubi kakarta, kakar ta ɗauke kai tana kallon shanu. Yarinyar ta sa yatsa a baki ta yi tunani.

"Malama, ba ki ce don Allah ba."

Goggo Maijidda ta yi tari don ta ɓoye dariya.

"Don Allah, Ramla."

"Ɗaya," in ji Ramla, ta ɗaga yatsan da ta ciro daga baki.

"An gama," in ji tsohuwar. "Ta farkon fitowa taki ce, zan ɗaura mata tsumma kowa ya sani. Ta biyu ni zan ajiye, don ban ga alamar iri yana da tsaro a hannun 'yan boko ba. Saura na mai miya. Ke kuma tunda kin zo, ƙayar nan ta yi kaɗan, akwai wata akuya a nan da ba ta tsoron Allah."

Ta miƙa mata adda. Malama Barakatu ta naɗe sabon mayafinta ta ɗaura a ƙugu, ta nufi gindin farar ƙaya. Ramla ta bi ta a baya tana nuna mata reshen da za ta sara.