Jana'izar Mista Alton, Shi Ma Ya Halarta

Shekara talatin da ɗaya Mis Verlene Hutto ta yi tana kaɗa fiyano a cocin garinsu da ke kudancin jihar Jojiya ta Amurka. Kiɗan Lahadi don Allah take yi. Abin kaiwa bakin salati daga ɗaurin aure da jana'iza yake fitowa. Aure kuwa ya ja baya tun da matasa suka watse birni. Saura mutuwa.

Duk Nuwamba gwamnati kan buɗe kasuwar inshorar lafiya, ta tambayi kowa: nawa za ka samu baɗi? Mai albashi ya rubuta albashinsa. Ita Mis Verlene sai ta ɗauko littafin sunayen 'yan coci da fensir, ta nemi gafarar Ubangiji, ta bi tsofaffi ɗaya bayan ɗaya tana sa wa masu tari tauraro.

Lissafin ba wasa ba ne. In samunka ya zarce abin da ka faɗa, lokacin haraji ka amayar da rarar tallafin inshorar da aka ba ka. In kuma ya gaza wani layi da suka ja, a jiharsu babu tallafin: talaucinka ya yi yawa, ka wuce a taimaka maka. Tallafin nan kuwa shi ke biyan allurar da ke hana yatsunta ƙagewa, kuma da yatsun take ci.

Bana mutanen garin suka ƙi mutuwa. An kawo wata sabuwar likita mai naci, ta hana kowa gishiri. Disamba ta kama, Mis Verlene tana ƙasa da layi da dala ɗari biyu da arba'in, kuɗin jana'iza guda cif. Tsoronta kada a nemi takardar harajinta ta bana, takardar ta tona mata asiri.

Cikin masu tauraro akwai Mista Alton Gaskins, tsohon manomin gyaɗa ɗan shekara casa'in da ɗaya. Shekara uku tana sa shi a lissafi, shekara uku yana ba ta kunya. Laifin ma nata ne: duk Alhamis sai ta kai masa farfesun kaza da burodin masara, ya sha ya miƙe garau.

Wata Alhamis ta shiga kicin ɗinsa ɗumama farfesu, ta bar jaka a buɗe. Ta fito ta tarar ya ɗora tabarau yana karanta littafin sunayen.

"Verlene, wannan tauraron na ƙoƙari ne, ko me?"

"Mista Alton, ba kyau leƙen jakar mata."

"Na ga Doyle Purvis yana da shi, an binne shi a Maris. Na ga matar Sikes, ita ma ta tafi. Ni nawa har uku! Ashe janar ne ni ban sani ba."

Ta zauna ta rufe fuska, ta zayyana masa komai. Ya yi dariya har haƙoran robarsa suka nemi zamewa.

"Yarinya, ke ma ba ki iya kasuwanci ba. Wa ya ce ki riƙa kawo farfesu? To ji nan. Ba zan mutu don gwamnati ba, ta ci nata a jikina tun ina noma. Amma jana'izar tawa, ki yi mini ita ranar Asabar. Dama takaicina a yi kiɗan ba na ji."

Aka yi. Fasto ya ce shi ba ruwansa, amma ya ba da makulli. Mista Alton ya sa kwat ɗin da ya ajiye don ranar binne shi, ya zauna a layin gaba, mutum tara a bayansa, yawancinsu masu tauraro sun zo ganin yadda tasu za ta kasance. Sau biyu yana buga sanda a ƙasa.

"Ki ɗan ja a hankali! Sauri kike a rufe ni?"

Da aka tashi ya rubuta cek na ɗari biyu da hamsin, ya ce goman ta farfesu ce, ya karɓi rasit. Mis Verlene ta haye layi, allurar baɗi ta tabbata. Ta ɗauko littafin za ta goge masa taurarinsa, ya dafe hannunta.

"Bar su, na saba da su. Amma kar ki sa ni a lissafin baɗi. Rasit yana aljihun kwat. Ranar ta gaskiya, kyauta za ki kaɗa."